Abin da Ya Sa Nake Lasar Kumfa

Samarin da ke wankin moto, wato babur, kusa da rumfata a Konni sun ɗauke ni mai taɓin hankali, na sani. Duk ranar da aka kawo mini mussa, wato kyanwa, don in raba ta da ƙuma, sai su yar da tsumma su zuba ido. Abu ɗaya suke jira. In kaɗa sabulu ya yi kumfa, in tsoma yatsa, in ɗora a harshe. Da na lasa sai dariya ta ɓarke, wani ya ce Baba Sa'idu ya karya kumallo. Shekaranjiya wani mai baki a cikinsu ya tsaya a kaina ya ce, "Baba, wanga aiki naka mi ac cikinai? Ruwa na da sabulu. Ko ni ina iyawa." Ban tanka masa ba a lokacin, don hannuna na kan wuyan mussar mutane. Yau ba aiki, to samari, ku zauna ku ji.

Sana'ata wankin bisashe ce. Raguna in babbar Sallah ta gabato, awaki masu ƙazwa, doki, wani lokaci har jakin amalanke. Duk waɗannan ƙarfi suke so da ɗan wayo. Mussa ce kaɗai ke son ka zo da hankalinka duka, ka bar ƙarfin a gida.

Kayan wankinta ba su da yawa. Baho biyu, ɗaya na wanki ɗaya na ɗauraya. Sabulun salo, wanda ba a sa masa turare ba. Matsefi mai ƙananan haƙora. Ƙaramin kwano na kumfa, inda ake jefa ƙuman da aka tsince. Tsohon zane guda biyu, busassu. Ruwa kuwa da gwiwar hannu ake gwada shi, ba da tafi ba, don tafin ma'aikaci ya daɗe da mutuwa, ba ya jin zafi. In gwiwarka ta ji ɗumi kawai, ya yi. Kuma ba a cika baho. Ruwan ya tsaya mata a ƙasan ciki, ƙafafunta huɗu a ƙasa. Mussar da ta ji ƙafarta ta rabu da ƙasa za ta nemi wurin hawa, wurin hawa mafi kusa kuwa fuskarka ce.

Kafin ɗigon ruwa ya taɓa jikinta, sai ka ɗaura mata sarƙa. Haka muke kiran kumfar da ake zagaya wuya da ita, mai kauri, daga bayan kunnuwa zuwa ƙarƙashin haɓa. Ƙuma ba wawa ba ne. Da ya ji ruwa daga ƙasa sai ya yi sama a guje, ya shige kunne, ya taru a gefen ido da ramin hanci, inda ba ka isa ka sa sabulu ba. In sarƙa na nan, a nan zai maƙale. Bayan haka ka cuɗa jiki har fata, ka bar kumfar ta zauna kamar tsawon alwalar dattijo. Ruwan zai yi ja. Masu mussa sukan yi salati su ce na ji mata ciwo, alhali kashin ƙuma ne ke narkewa, jininta ne da ya riga ya sha. Fuska ba a zuba mata ruwa, da matsefi da yatsa ake bin ta. Sai ɗauraya, sai tsanewa da zane har ta bushe sarai. A ƙarshe ka koma inda take kwana, ka share, ka ƙone tsummokara, ka kwara tafasasshen ruwa, don ƙwayayen suna cikin ƙasa. Wanda ya wanke mussa ya mayar da ita tsohon makwancinta, wahalar banza ya sha.

Duk wannan a hannun Baba Nomau na koya, a Tajaye. Shekara shida ina gidansa, matarsa Inna Ige na ba ni tuwo kamar ɗan cikinta. Baba Nomau ya iya aiki, Allah ya ji ƙansa, amma magana a wurinsa kamar ana cire masa haƙori ne. Ba ya cewa yi kaza. Zai yi, ka kalla. In ka yi daidai ya yi shiru, in ka ɓata ya karɓe ya sake, har yanzu dai shiru.

Yana da magani a wata kwalba mai ruwan ƙasa, wanda yake sayowa wurin masu maganin bisashe. Murfi ɗaya a baho, ruwa ya koma fari kamar nono. In ya wanke rago da shi, kaska da ƙuma sai zuba. Amma da an kawo mussa sai ya tura kwalbar can nesa da ƙafa, ya ɗauko sabulun salo, ya kaɗa, ya tsoma yatsa ya lasa, sannan ya fara. Aikin da magani zai gama nan take, sai mu ɓata hantsi guda muna tsintar ƙuma ɗaya-ɗaya. Sau ɗaya na tambaye shi.

"Baba, don mi ba mu sa mata na kwalba?"

Ya dube ni, ya dubi mussar, ya ce, "Riƙe mata ƙahwa."

Iyakar amsar ke nan. Sai na yi wa kaina fassara, irin ta yaro mai ganin ya waye. Na ce hana maganin rowa ce, don ba ya so ya ɓata abu mai tsada a kan dabbar da ba a kai wa kasuwa. Lasar kumfa kuma na ce wani asiri ne yake tofawa, wanda ya ƙi ba ni. Har ya rasu ina riƙe da wannan fassara, kuma a raina ina ɗan jin haushinsa.

Shekarar da ta biyo bayan rasuwarsa ita ce mummunar shekarata. Na riga na kafa rumfa a Konni, ana kirana ƙauyuka. Damina ta yi kyau, ƙuma kuma ya yi yawa har mutane na ɗaure bakin wando. Wani Alhaji a Malbaza ya aiko mini. Yana da babbar mangaza, wato ɗakin ajiya, ta wake da hatsi, da mussoshi bakwai da ke tsare masa ita daga ɓera. Ƙuma ya cinye su, ya cika mangazar, masu dako sun ƙi shiga. Na je na duba. Mussa bakwai, kowace da matsefi, ai kwana biyu ne. Na tuna kwalbar da ke jakata. Na ce a raina Baba ya tafi da rowarsa, ni zan nuna wa mutanen nan aikin zamani. Har na yi dabara, na sa rabin murfi maimakon ɗaya, ina ganin na yi hankali.

Ƙuma ya zuba kamar riɗi. Kafin azahar na gama aikin. Alhaji ya riƙa sa mini albarka, ya sa aka kawo mini fura. Mussoshin suka haye kan buhuna, kowace ta zauna tana lasar jikinta, ni kuma ina kallonsu ina jin daɗi. Ban gama furar ba ta farko ta fara dalalar da miyau. Sai kunnuwa suka kama rawa, sai jiki duka. Ta faɗo daga kan buhu tana shure-shure. Kafin la'asar sakaliya biyar sun mutu a gabana, ban san abin da zan yi musu ba. Biyun da suka rayu su ne waɗanda suka kufce mini tun wanka bai yi nisa ba.

Kun san yadda mutanenmu suka ɗauki ran mussa. A yanka rago, a kashe maciji, ba mai cewa komai. Amma mussa tana cin kwano ɗaya da gida, tana kwana kan buzun salla, hakkinta ba abin wasa ba ne. Alhaji bai zage ni ba. Cewa ya yi, "Tashi ka tahi, kai da Allah." Da ma ya zage ni. Kafin in iso Konni labari ya riga ni, kuma ya zo da suna: Ajalin Mussa. Masu raguna ma suka janye, suna cewa hannun da ya kashe biyar a yini ɗaya ba hannun albarka ba ne. Sallar nan ina zaune a rumfa ina kallon ana wucewa da raguna zuwa wurin wasu. Daga baya na koma dakon albasa. Abin takaicin, har a lokacin ban gane ba. Ina ta cewa da rubu'in murfi na sa da ba su mutu ba. Na rantse dai ba zan ƙara taɓa mussa ba.

Shekara biyu bayan haka, aikin raguna ya fara dawowa kaɗan-kaɗan, sai wani ɗan kabu-kabu ya tsaya gaban rumfata da saƙo daga Tajaye. Inna Ige ce ta aiko. Mussarta ta haihu, ƙuma zai kashe ta da 'ya'yan, in zo da kayan wanka. Na ce ya gaya mata na daina. Ya ce ai ta ce haka zan ce, kuma ta ce in zo. Matar da ta ciyar da ni shekara shida ba a ce mata a'a. Amma na yi abin da matsoraci ke yi, na ƙara kwana ɗaya ina neman uzuri.

Wannan kwana ɗayan ne ya jawo komai. Inna tana da ɗa, Mamman, magidanci, ya dawo daga cin rani ba da daɗewa ba. Da ya ji wanda uwarsa ta kira, sai ya ce ba za a kawo Ajalin Mussa gidansu ba, shi zai yi maganin abin da kansa kafin in iso. Ya zo da kwalbar piya-piya daga ƙetaren iyaka, irin wadda ake yayyafawa a ɗaki don sauro da kuɗin cizo. Da safe Inna ta shiga maƙwabta gaisuwa, ya jiƙa tsumma ya goga wa mussar daga wuya har wutsiya.

Na iso da hantsi. Tun daga zaure warin ya buge ni, na kuwa san irinsa. A tsakar gida na tarar da mata sun yi da'ira. Mussar, fara mai baƙin kunne ɗaya, wadda Inna ke kira Tarumbu don a ƙarƙashin rumbu aka haife ta, tana kwance a gefe. Miyau na zuba, kunnuwa na rawa. 'Ya'yanta huɗu, ko ido ba su gama buɗewa ba, suna rarrafe suna neman nono a jikin da ke jiƙe da guba. Mamman na tsaye da tsumman a hannu.

"Yaushe ka shahwa mata?" na tambaye shi.

"Ɗazu-ɗazun ga. Ƙuma na nis so in kashe."

"Ta lasa?"

"Ta lasa kaɗan, na kore ta."

Na ji wata mata a bayana tana raɗa, "Shi na. Shi na na Malbaza." Nan ƙafata ta tsaya. Gaskiya zan faɗa muku, lissafin da na yi a wurin ba na mutumin kirki ba ne. Ban taɓa ta ba tukuna, kowa shaida ne. In ta mutu yanzu, Mamman ya kashe ta. In na sa hannu ta mutu, ba wanda zai tuna da Mamman da tsummansa. Za a ce Ajalin Mussa ya je Tajaye ya cika ta shida, a gidan maigidansa. Daga nan ba rago, ba akuya, ba rumfa. Kuma bisa abin da na gani a Malbaza, mutuwa ta fi kusa da ita. Jakata na kafaɗa, ƙofa na bayana.

Inna Ige na zaune kan turmi, ta tsufa ƙwarai, idonta ya rage gani. Ta juyo wajen da ta ji muryata.

"Sa'idu, tsayuwa kat taho yi?"

"Inna, in ta mutu hannuna..."

"Na sani. Na san abin da za a ce. Ni dai ban kira mutanen gari ba, kai nik kira. Aje jikka."

Na ajiye. Daga nan kuma ban ƙara tunanin kowa ba, aiki ya karɓe ni. Na kwashe 'ya'yan na zuba a ƙwarya na miƙa wa wata mata, na ce ta goge musu baki da tsumma mai ɗumi, kada ta bari su koma jikin uwar ko sun yi kuka. Na ce wa Mamman ya hau moto ya tafi Illela ya ɗauko lokotoro, wato likitan bisashe, ya tafi da kwalbar don a ga abin da aka shafa. Ya tsaya yana kallona kamar zai yi gardama. Inna ta ce, "Kana nan?" Sai ga shi a waje.

Ruwa na kan murhu amma ya yi zafi da yawa, dole a surka. Ina surkawa Tarumbu ta lanƙwasa wuya za ta lashi kafaɗarta. Na kama kan, amma hannu biyu gare ni, aikin kuwa na son huɗu. Inna ta miƙe, ta shiga ɗaki tana laluben bango, ta fito da wani tsohon faifai. Ƙarami ne, an huda tsakiyarsa, an tsaga gefe ɗaya, da igiya a jiki. Ta zura wuyan mussar ta ɗaure, sai ga kai a gefe ɗaya jiki a gefe ɗaya, harshe ba ya kaiwa. Shekara shida na yi a gidan nan ban taɓa ganin faifan ba. Ban samu sararin tambaya ba.

Na ɗaura sarƙa a bayan faifan, na sa ta a baho. Duk da halin da take ciki, da ta ji ruwa sai ta gantsara mini cizo a babban yatsa, haƙori ya shiga har ya taɓa ƙashi. Ga tabon nan. Ban saki ba, don in na saki ta shige ƙarƙashin rumbu shi ke nan. Na cuɗa, ruwan ya yi ja, wani maiƙo na yawo a kansa. Ƙuman da guba ba ta kashe ba ya yi ta gudu sama yana maƙalewa a sarƙa. Wannan karon ban bar kumfa ta zauna ba, ba ƙuma nake yaƙi da shi ba. Na ɗauraye, na sa aka haƙa rami bayan gida aka zubar da ruwan saboda kaji, na sake sabo. Na wanke na biyu. Na sunsuna bayanta, wari na nan. Na wanke na uku.

A tsakiyar na ukun ne ta sanƙare. Ƙafafu suka miƙe, kai ya koma baya, jiki ya yi ta karkarwa a hannuna. Mata suka ɗauki salati. Na ji an ce, "Ta tahi." Na ji wata ta ce, "Mun hwaɗi." Hannuna na ƙarƙashin ƙirjinta, kuma can ciki ina jin wani abu na bugawa da sauri-sauri. Na ce, "Ba ta tahi ba, ku yi shiru!" Ban taɓa ɗaga murya a gidan Baba Nomau ba sai ranar. Na fitar da ita na naɗe a zane, na tsane, na sake naɗewa a busasshe. Na kai ta ɗakin Inna inda ba haske, don na lura a Malbaza duk ƙara ko motsi na tayar musu da abin. Inna ta kori kowa.

Sai jira. Na zauna a bakin ƙofa, yatsana na zubar da jini a cikin tsumma, kunnena na kan hanya. Duk moton da ya wuce sai in miƙe. Aka kira azahar, Mamman shiru. Karkarwar takan lafa ta dawo. Don kada in zauna haka, na ɗauko 'ya'yan. Su ba a sa su a baho, sanyi zai kashe su kafin ƙuma. Na bi su da matsefi ɗaya bayan ɗaya ina jefa ƙuman a kwanon kumfa, har saman kwanon ya yi baƙi. Dasashinsu ya yi fari saboda rashin jini. Inna ta sa aka tatso akuya, muka riƙa ɗiga musu da bakin tsumma.

Gab da la'asar suka iso. Lokotoron ya sunsuna kwalbar, ya yi wa Mamman faɗan da ban taɓa jin an yi wa mai gemu ba. Ya duba idon mussar, ya buɗe bakinta, ya yi mata allura. Ya tambayi wanda ya wanke ta, aka nuna ni. Ya ce wankan ne ya sa ya same ta da rai, amma kada kowa ya yi murna, sai an ga wayewar gari. Ya dubi yatsana ya ce in wanke da sabulu sosai, in kuma je a duba mini. Ya tafi. Ni da Mamman muka share ƙarƙashin rumbu inda take kwana, muka ƙone tsummokara, muka kwara tafasasshen ruwa.

Da gari ya waye Inna ta kira ni ɗaki. Tarumbu ta ɗaga kai. Ta sha ruwa kaɗan. Tana ta ƙoƙarin juya wuya, faifan na hana ta, 'ya'yan kuma na ta kuka a ƙwarya tana amsa musu da 'yar murya.

"Wanka taka so," in ji Inna. "Nata wanka, ba naka ba. In na kwance hwaihwan ga, lasa za ta yi tun daga kai har wutsiya. Ɗiyan kuma su kama nono. Ka tabbata ba saura?"

Na sunsuna. Hancina ya riga ya cika da warin tun jiya, ban iya bambancewa.

"Inna, ban sani ba."

"To lasa."

Na ɗauka ban ji daidai ba.

"Sa yatsa ga bayanta, inda anka shahwa. Goga har hwata. Ka lasa."

Na jiƙa yatsa, na goga a tsakiyar bayanta, na tsaya ina kallonsa. Na ga abin da wannan guba ta yi jiya, kuma ga shi ana cewa in kai baki. Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Sai na ga ashe abin da nake tsoron ɗorawa a harshena sau ɗaya, shi nake shirin barin ta ta lashe duka. Na lasa. Ɗan ɗacin sabulu ne kawai, ba yaji, ba wari. Na gwada kafaɗa, na gwada gindin wutsiya, na gwada ciki wajen nono. Na ce, "Ba saura."

Inna ta kwance igiyar. Tarumbu ta miƙa ƙafar gaba ta fara lasa a hankali. Muka zuba mata ido. Ta gama ƙafa ta koma kafaɗa. Miyau bai zubo ba, kunne bai yi rawa ba. Da hantsi ya yi muka sa mata 'ya'yan.

Inna na juya faifan a hannu, ba ta dube ni ba ta fara magana.

"Shekarad da anka kawo ni gidan ga, da mussa niz zo, uwata tab ba ni. Ƙuma ya kama ta. Babanka Nomau shina saurayi, shina son burge amarya, yaw wanke ta da maganin raguna. Da yag ga tana lasa tana hwaɗuwa, yay yanke hwaihwan aurena yas sa mata. Ya makara. Bisa cinyata tam mutu. Ran nan yar rantse, abin da bai iya sa ma halshenai, ba shi sa ma mussa. Rago ba shi wanka da halshe, Sa'idu. Ita ko duk abin da kas sa ma jikinta, ka ba ta ta ci na."

Shekara shida ina kallon mutumin nan yana lasar kumfa, ina ce masa marowaci mai ɓoye asiri.

"Inna, don mi bai hwaɗa mini ba? Kalma guda ta."

"Kumya. In ya hwaɗa ma dalili, sai ya hwaɗa ma abin da yay yi. Ni ma na yi shiru don in ruhe mai." Ta ajiye faifan a cinyata. "Da nij ji labarin Malbaza ban yi kwana ba. Biyar ɗin ga ba kai ɗai ka kashe su ba. Mu ukku na."

Tarumbu ta rayu, ta yi shekaru, uku daga 'ya'yan ma sun rayu. Mamman da kansa ya riƙa ba da labari a kasuwa, aiki ya dawo. Sunan dai bai tafi ba. Har gobe akwai tsofaffi a Malbaza da in ka ce Sa'idu mai wanki ba su gane ba, sai ka ce Ajalin Mussa. Na daina jin zafinsa. In baƙo ya tambayi dalilin sunan, sai in zaunar da shi in faɗa masa tun daga rabin murfi, ban rage komai. Duk wanda ya zo koyon aiki wurina, ranar farko kafin ya taɓa baho sai ya ji mussoshi nawa na kashe da yadda na kashe su. Faifan nan da kuke gani rataye a rumfa, kuna cewa na rufe fura ne, shi ne.

Baba Nomau ya fi ni iya aiki nesa ba kusa ba. Abu ɗaya na fi shi. Shi ya lasa ya yi shiru, ni ina lasa ina faɗin dalili.

To, kai da ka ce ruwa ne da sabulu. Ga matar can tafe da kwando a ka, ina jin kukan abin da ke ciki tun daga nan. Wanke hannunka, maganin wankin moto ne a jiki. Ga sabulu, ga kwano, kaɗa. In ya yi kumfa, tsoma yatsa.